ƊAUKE WUTA BA MUTUWAR WAYA BA NE: Darasi a Kan Kiyaye Ran Masu Hawa Falwaya

Gabatarwa

A farkon daminar bara wata iska mai ƙarfi ta taso da dare, ta karya reshen darbejiya, ya faɗa a kan manyan wayoyin da ke kawo wuta unguwarmu, ya tsinke guda biyu. Muka kwana uku cikin duhu. A rana ta huɗu ma'aikatan wuta suka iso da motarsu, su biyar. Muka yi murna, muna cewa yau dai za mu ga haske. Amma da suka sauke tsani sai suka koma inuwa suka zauna, shugabansu yana ta buga waya.

Da jira ya yi yawa, wani dattijon ikkilisiya ya matsa kusa ya ce, "Malam, ai yau kwana huɗu ke nan babu wuta a wayar nan. Me kuke jira kuma?"

Shugaban ya ce, "Baba, a yi mana haƙuri. Ni ban san babu wuta ba sai na gwada. Yaron nan da zai hau, ni na ɗauko shi da safe, ni ne kuma zan mai da shi wurin iyalinsa."

Bayan an tabbatar masa daga tasha cewa an yanke layin, sai ya ɗauko wata doguwar sanda mai na'urar gwaji a bakinta, ya miƙa ta wajen wayar. Nan take na'urar ta kama ƙara. Akwai wuta. Aka bi gida gida ana dubawa, har aka tarar da wani ƙaramin janareto yana aiki, an jona shi kai tsaye a soket ɗin bango, ba a kuwa kashe babban makunnin gidan ba. Gidan na ɗaya daga cikinmu ne. Ba da mugun nufi ya yi ba, yaransa ne ke karatun jarrabawa yana kuma cajin fitilunsu. Amma da shugaban nan ya bi maganarmu, da mun binne saurayi a makon nan, da hannunmu a ciki.

Wannan ne ya sa muka ga ya dace mu rubuta wannan darasi. Abin da muke so kowa ya riƙe guda ɗaya ne: ɗauke wuta ba shi ne mutuwar waya ba. Waya ba ta zama abin taɓawa sai an yanke ta, an kulle, an gwada, an kuma ɗaure ta da ƙasa. Waɗansu ɗalibanmu za su shiga wannan aiki wata rana. Sauranmu kuwa muna zaune ƙarƙashin wayoyin, kuma abin da muke yi a gidajenmu yana kaiwa ga mutumin da ke bisa falwaya.

1. Hanyar da wuta ke bi kafin ta iso mana

Wutar da muke kunnawa a Bebeji, Kiru, Tudun Wada da Doguwa daga nesa take zuwa. Ana samar da ita a manyan madatsun ruwa irin su Kainji, wadda aka gama a 1968, da Shiroro, wadda ta fara aiki a 1990, da kuma tashoshin iskar gas na kudancin ƙasa. Don kada ta ɓace a hanya, sai a ɗaga ƙarfinta zuwa bolt 330,000. Da wannan ƙarfi take tasowa daga Mando a Kaduna zuwa babbar tashar Kumbotso a Kano, bisa dogayen turakun ƙarfen nan da muke hangowa daga hanyar Zariya. Akwai kuma layi mai bolt 132,000, wanda ke da tasha a Kwanar Dangora cikin Ƙaramar Hukumar Kiru. A irin wannan tasha ake rage ƙarfin zuwa 33,000, a raba shi zuwa garuruwa. Waɗansu wurare a kan sake ragewa zuwa 11,000. A ƙarshe taransifomar unguwa ita ke sauko da shi zuwa wajen bolt 400 tsakanin waya da waya, da bolt 230 wanda ke shiga soket ɗin ɗaki.

Saboda haka in muka ɗaga kai muka dubi falwaya, wayoyi uku na can bisa, waɗanda ke zaune a kan kwalaben tangaran, su ne masu dubban bolt. Huɗun da ke ƙasa da su, masu jere ɗaya bisa ɗaya, su ne masu shiga gidaje. Dukansu suna kisa.

Har yau mun saba cewa "'yan NEPA", amma NEPA ta daɗe da shuɗewa. An kafa ta a 1972, lokacin da aka haɗa tsohuwar hukumar lantarki ta ECN da hukumar madatsun Kogin Kwara. Dokar gyaran harkar lantarki ta 2005 ta mai da ita PHCN, ta kuma kafa hukumar sa ido ta NERC. A watan Nuwamba 2013 aka fara miƙa aikin rarraba wuta ga kamfanoni 11. Wanda ke kula da jihohin Kano, Katsina da Jigawa shi ne KEDCO, manyan layuka kuwa suna hannun TCN. A 2015 aka yi dokar hukumar NEMSA, mai duba ingancin kayan lantarki da yadda aka kafa su. Sunaye sun sauya, amma halin wuta bai sauya ba.

2. Abin da wuta ke yi wa jikin mutum

Ɗalibai sukan tambaye mu a aji, yaya tsuntsu ke sauka a kan waya wuta ba ta ja shi ba? Amsa ita ce, wuta tana neman hanyar wucewa ne, daga waya zuwa wata waya, ko daga waya zuwa ƙasa. Tsuntsu ƙafafunsa biyu suna kan waya ɗaya, bai zama hanya ba. Mutum kuwa in hannunsa ya taɓa waya, ƙafarsa tana kan tsani ko jikin falwaya ko ƙasa, ya zama gada. Wutar za ta bi ta cikinsa, sau da yawa kuma ta ƙirji take ratsawa.

Bolt shi ne ƙarfin turawa. Abin da ke yin ɓarna a jiki shi ne yawan wutar da ta gudana, wanda ake aunawa da amfiya. Amfiya ɗaya in an raba ta kashi 1,000, kowane kashi shi ne mili'amfiya. Wani malamin Jami'ar Kalifoniya a Amurka, Charles Dalziel, ya yi shekaru yana nazarin wannan tun daga wajen 1940. Abin da masana suka tsaya a kai shi ne kamar haka. A wajen mili'amfiya 1 mutum zai ji tsam. Daga wajen 10 zuwa 16 tsokar hannu takan ƙanƙame, mutum ya kasa sakin abin da ya riƙe ko da yana so. Daga wajen 50 zuwa 100 zuciya tana iya rikicewa, ta daina bugawa daidai ta koma karkarwa kawai, jini ya daina zagawa. To, ƙwan fitila mai wat 60 yana jan wajen mili'amfiya 260. Wato wutar da ke kunna ƙwai ɗaya ta ninka abin da zai tsai da zuciyar ƙato.

Busasshiyar fata tana ɗan tare wuta. Amma in jiki ya jiƙe da gumi ko ruwan sama, tarewar takan sauko zuwa wajen om 1,000. Ɗaliban kimiyya su yi lissafi da Dokar Ohm: bolt 230 a raba da om 1,000, ya ba da mili'amfiya 230. Ga dalilin da ya sa wutar ɗaki, wadda muke rainawa, take kashe mutane, musamman da bazara da damina.

Babbar waya kuwa ba sai an taɓa ta ba. In mutum ko ƙarfen da ke hannunsa ya matsa kusa ƙwarai, wutar takan yi tsalle ta cikin iska. Walƙiyar da ke tashi a nan zafinta yana iya wuce na fuskar rana, ta narkar da ƙarfe, ta kama riga da wuta, ta lalata ido. Ga kuma hatsari na uku: ko da wutar ba ta kashe mutum ba, firgitar da ya yi tana iya jefo shi daga bisa. Henry Miller, wanda ya zama shugaban farko na ƙungiyar ma'aikatan lantarki da aka kafa a Amurka a 1891, ta haka ya rasu a 1896 a birnin Washinton: wuta ta ja shi, ya faɗo daga falwaya. Dokokin da za mu karanta a ƙasa da jinin irin waɗannan mutane aka rubuta su.

3. Ta ina wuta ke shiga wayar da muke zaton ta mutu?

A wurinmu rashin wuta ya fi samunta yawa. A watan Oktoba 2024 yawancin jihohin Arewa sun yi fiye da mako guda cikin duhu saboda lalacewar manyan layuka. Wanda ya saba da irin wannan sai ya fara kallon waya kamar igiyar shanya. Hausawa kuwa sun ce sabo turken wawa. Ga ƙofofi huɗu da wuta ke shigowa ta cikinsu ba sallama.

Ta farko, a maido da wuta daga tasha. Mai kula da makunni yana iya zama kilomita da yawa daga wurin aiki. Layin da ya bi ta Tudun Wada ya nufi dajin Falgore da Doguwa dogo ne, wanda ke tasha ba ya ganin wanda ke bisa falwaya. In ba a sanar da shi a rubuce ba, da zarar wuta ta samu zai kunna, gama aikinsa ke nan.

Ta biyu, wuta ta komo da baya daga gidaje. Taransifoma ba ta san gaba da baya ba. Yadda take rage bolt 11,000 zuwa 230, haka in aka ba ta 230 daga wajen gida za ta ɗaga shi zuwa dubbai ta tura kan manyan wayoyi. Janareto, ko na'urar sola mai batir da aka haɗa ba bisa ƙa'ida ba, duk suna iya yin wannan. Shi ne abin da ya faru a unguwarmu. Mu tuna kuma, duk lokacin da aka ta da janareton nan cikin kwanakin, tsinkakkiyar wayar da yara ke wucewa kusa da ita tana ɗauke da wuta.

Ta uku, daga wani layi na kusa. Inda layuka biyu suka jera ko suka gitta juna, mai wuta yana iya sa wa wanda aka kashe wuta ko da ba su taɓa juna ba. Wani lokaci kuma ta bisa takan tsinke ta faɗo kan ta ƙasa. A shekarar 2023 irin wannan ya faru a unguwar Gwargwaje a Zariya, babbar wuta ta shiga gidaje da dare, mutane suka rasa rayukansu a cikin ɗakunansu.

Ta huɗu, tsawa. Aradu tana iya faɗawa kan layi a wani gari, ƙarfinta ya bi waya ya iso inda ake aiki, ko da a nan ba a ga ɗigon ruwa ba. Shi ya sa in hadari ya haɗu, ma'aikaci mai hankali yakan sauko.

4. Matakai biyar kafin a taɓa waya

Masu wannan sana'a a ƙasashe da yawa sun yarda da matakai biyar. Ana bin su a jere, ba a tsallake ko ɗaya.

Na ɗaya, a yanke wuta ta kowace fuska. Kashe makunni ɗaya bai isa ba. Sai an buɗe layin ta duk inda wuta ke iya shigowa, har da cire fis na taransifomar da ke wajen gidaje, a kuma ga buɗewar da ido.

Na biyu, a kulle. A sa kwado a makunnin, a rataya alamar cewa akwai mutane a kan layi. A nan ne takardar izinin aiki ke shigowa. Ita ce ke faɗin wane layi aka kashe, daga ina zuwa ina, wane ne shugaban aiki, mutum nawa ke tare da shi. Ba a maido da wuta sai shugaban ya ƙirga mutanensa, ya ga kowa ya sauko, an kwashe kayan aiki, ya mai da takardar. Alkawarin baki irin na "ku kunna da ƙarfe huɗu, lokacin mun gama" ya kashe mutane da yawa. Abin da shugaban nan ke jira ke nan a gindin itace sa'ad da muke gunaguni.

Na uku, a gwada. Ana amfani da na'urar gwaji wadda aka yi domin ƙarfin wannan layi, a bakin sandar da wuta ba ta bi. A tabbata na'urar tana aiki kafin gwaji, a gwada kowace waya ɗaya ɗaya, a sake tabbatar da na'urar bayan an gama. Ƙaramar testar nan mai kama da sukudireba ta aikin ɗaki ce, ba ta da wani amfani a babbar waya sai jawo ajali. Jifan waya da sarƙa ko guntun ƙarfe don a ga ko za ta yi tartsatsi, wannan ba gwaji ba ne, caca ce da rai.

Na huɗu, a ɗaure da ƙasa. Akan kawo kaurin wayar tagulla, a fara haɗa ta da ƙarfen da aka kafa a ƙasa, sa'an nan a maƙala ta a kan wayoyin duka, a haɗe su wuri ɗaya. Ana yin haka gaba da bayan wurin aiki, inda mai aiki zai riƙa ganinta. In wuta ta shigo bisa kuskure, sai ta bi tagullar, na'urar tasha ta yanke layin nan da nan. Wajen cirewa kuma a fara da na kan waya, na ƙasa shi ne na ƙarshe.

Na biyar, a kāre abin da ya rage da wuta a kusa. In akwai wani layi a falwayar da ba a kashe ba, a rufe shi da mayafin roba na musamman, a kuma shata iyakar da ba za a ƙetare ba.

Wani zai ce, ai akwai masu aiki a kan waya da wutarta. Gaskiya ne, amma wannan sana'a ce dabam, mai horo na musamman da motoci da sanduna na musamman. Ba jarumtaka ce ke yin ta ba.

5. Kayan aiki da halin ma'aikaci

Safar hannu ta aikin lantarki ba irin ta wanke-wanke ko ta gini ba ce. Ta roba ce ta musamman, kuma aji aji ce. Akwai ta bolt 1,000, da ta 7,500, da ta 17,000, da ta 26,500, da ta 36,000, kowace da alamarta a jiki. Kafin a sa ta akan naɗe bakinta a tara iska a ciki, a saurara ko tana fita, domin hujin da bai fi bakin allura ba ya isa wuta ta bi. Akan ɗora ta fata a bisa don kada ta yage. Zafin rana da mai suna lalata roba, don haka ba a jefa ta bayan mota tare da sufana.

Sai hular kwano wadda ba ta ƙarfe ba, da takalmin aiki, da tabarau na kāre ido. Tufafi su zama na auduga ko waɗanda aka yi don jure wuta, gama yadin roba yakan narke ya manne a fata. A cire zobe, agogo da sarƙa. Tsani kada ya zama na ƙarfe. Igiyar ɗamara kuwa a ɗaura ta tun daga fara hawa, ba sai an kai bisa ba.

Ita kanta falwayar sai an duba ta. Ta itace gara takan cinye gindinta daga ciki, a ga waje lafiya lau. Akan ƙwanƙwasa ta da guduma a ji ko tana amo irin na ganga, a kuma tona gindin kaɗan a caka. Ta siminti a duba tsaga, a duba ko ruwa ya zaizaye ƙasar da ke riƙe da ita, musamman a fadamu da bakin rafuka.

Kayan aiki ba su isa ba in hali bai yi kyau ba. Ba a hawa falwaya mutum shi kaɗai, dole a sami na ƙasa wanda ya san yadda zai sauko da shi. Ba a hawa da gajiya, ko bayan shan giya ko ƙwaya. Kafin a fara, shugaba ya tara mutanensa ya bayyana aikin. Mafi ƙanƙanta a cikinsu yana da ikon cewa a dakata in ya ga abin da bai gane ba, babba kuma kada ya ɗauki wannan raini ne. Sauri ya haifi nawa.

Ɗalibin da ke sha'awar wannan sana'a ya neme ta ta ƙofa. Akwai kwalejojin fasaha na jiha, kamar ta Bagauda, akwai kuma cibiyar horar da ma'aikatan lantarki ta ƙasa, NAPTIN, wadda aka kafa a 2009. Aiki ne mai daraja, amma ba a koyonsa ta wurin gwada sa'a.

6. Namu rabon

Kada mu ce wannan duka maganar ma'aikata ce. Ga abin da ke wuyanmu.

Kowane gida, shago, injin niƙa ko majami'a mai janareto ko sola, a sa masa makunnin sauya layi, wanda ba ya barin wutar gida ta haɗu da ta waje. Ƙwararren mai wayarin zai sa shi. Kuɗinsa bai kai na man janareto na wata ɗaya ba a gidaje da yawa. Kwamitin kadarori na kowace ikkilisiya ya duba nasa kafin taro na gaba.

In fis ya tsinke a taransifoma, kada mu yi karo-karo mu kira wani yaro "mai dabara" ya hau. Bai da takarda, ba wanda ya san yana bisa, ba wanda zai hana a kunna. Haka nan jona wuta ta ɓarauniyar hanya: sata ce, tana kuma sa wuta a inda ma'aikaci bai zata ba.

Kada mu yi gini ko rumfa a ƙarƙashin layi. Ƙa'idar ƙasa ta keɓe fili mai faɗin mita 50 ga layin 330,000, mita 30 ga na 132,000, mita 11 ga na 33,000 da na 11,000, rabi kowane gefe. A ranar 20 ga Afrilu 2017 babbar waya ta faɗo kan wani gidan kallon ƙwallo mai rufin kwano a Kalaba, 'yan sanda suka tabbatar da mutuwar mutum bakwai. Samarinmu masu zuwa gidajen kallo su ɗaga kai su duba kafin su shiga.

Manoma su lura. Motar da aka yi wa lodin rake, buhunan masara ko kara har ta yi tozo, da yaran da ke zaune bisa lodin, suna iya kaiwa ga wayar da ta saki. Haka mai ɗauke da dogon bututun ban ruwa a gonakin da ke shan ruwan Tiga, da mai kafa eriya, da mai kafa rumfar taro da sandunan ƙarfe. Wanda ba ma'aikaci ba kada shi ko abin da ke hannunsa ya kusanci babbar waya da ƙasa da mita 3. Ƙonan daji da kaka yana cin gindin falwayar itace. Yara kuma su bar mangwaron da rassansa suka shiga waya, kome nunarsa.

In ma'aikata suka zo, mu ba su ruwan sha, mu kawar da yara, mu kashe janareto, mu bar matsa musu.

7. In hatsari ya auku

In ka ga waya a ƙasa, ɗauke ta a kan mai wuta ce. Tsaya nesa da ita aƙalla mita 10, ka hana mutane da dabbobi matsowa, ka aika a sanar da ofishin wuta. Ƙasar da ke kewaye da ita ma tana ɗauke da wuta, wadda ke raguwa yayin da ake nisa. Mai dogon taku ƙafarsa ɗaya tana wurin da ya fi ƙarfi, ɗaya a inda ya fi rauni, sai wutar ta bi ta ƙafafunsa. Shi ya sa shanu ke saurin faɗuwa a irin wurin. In ka tarar da kanka kusa, haɗa ƙafafunka ka riƙa jan su kaɗan kaɗan har ka yi nisa.

In waya ta faɗo kan mota, na ciki su zauna a ciki, na waje kada su taɓa ta. Sai in gobara ta kama ne za a fita, shi ma da tsalle, ƙafa biyu a haɗe, ba tare da taɓa mota da ƙasa a lokaci ɗaya ba.

In wuta ta riƙe mutum, kada ka kama shi, za ku zama biyu. In wutar gida ce, kashe babban makunni. In ba hali, tsaya kan busasshen katako ka ture wayar da busasshiyar sanda. In babbar waya ce, sanda ba ta da amfani, wuta tana bin ta. Dole a jira a kashe layin, kome zafin da zuciya ke ji.

Bayan an raba shi da wuta, duba ko yana numfashi. In ba ya yi, kwantar da shi rigingine a wuri mai tauri, ka ɗora hannu bisa hannu a tsakiyar ƙirjinsa, ka riƙa dannawa da ƙarfi, zurfin wajen santimita 5, sau 100 zuwa 120 a minti. Wanda ya koya ya hura masa iska a baki sau 2 bayan kowane dannawa 30. Kada a daina har ya farfaɗo ko an kai ga ma'aikatan lafiya. Kada a ɗura masa madara ko ruwa yana sume, zai shaƙe. Ƙuna a zuba mata ruwa mai tsabta, a rufe da ƙyalle mai tsabta, ban da manja ko toka. Wanda ya faɗo daga bisa a kula da wuyansa da bayansa wajen ɗauka. Ko ya tashi ya ce lafiyarsa ƙalau, a kai shi asibiti, gama wuta takan ƙona ciki fiye da abin da ido ke gani, zuciya kuma tana iya rikicewa daga baya.

8. Abin da Maganar Allah ke koya mana

Sau da yawa in irin wannan ya faru mukan ce tsautsayi ne, kwanansa ne ya ƙare. Gaskiya ne rai yana hannun Allah. Amma a Maimaitawar Shari'a 22:8 an umarci mai gina sabon gida ya ja wa rufinsa katanga, domin in wani ya faɗo kada alhakin jininsa ya hau kan gidan. Allah bai karɓi uzurin cewa mai faɗuwa ne bai kula ba. Makunnin sauya layi shi ne katangar rufinmu a yau. A Nehemiya sura 4, masu ginin garun Urushalima sun yi addu'a, suka kuma sa matsara dare da rana. Ba su zaɓi ɗaya suka bar ɗaya ba. A Matiyu sura 4 kuma, Ubangijinmu ya ƙi yin tsalle daga kan Haikali don a gwada ko Allah zai tare shi. Mai hawa falwaya ba gwaji yana cewa Allah zai kiyaye, ba bangaskiya yake nunawa ba, gwada Allah yake yi.

Saurayin da ya hau falwayarmu ran nan ba mu san sunansa ba, ba mu san ko wace majami'a ko wane masallaci yake zuwa ba. Maƙwabcinmu ne duk da haka. Ɗan'uwanmu mai janareto, da ya gane abin da ya kusa faruwa, ya je ya ba su haƙuri, a makon kuma ya kira mai wayarin. Muna fata kowannenmu zai yi haka ba sai na'ura ta yi ƙara a ƙofar gidansa ba. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Tambayoyi domin nazari

1. Faɗi hanyoyi huɗu da wuta ke iya shiga wayar da aka kashe.
2. Jera matakai biyar na kafin taɓa waya. Me ya sa gwaji ke zuwa kafin ɗaurewa da ƙasa?
3. In tarewar jikin mutum om 2,000 ce, ya taɓa bolt 230, mili'amfiya nawa za ta bi jikinsa? Zai iya sakin wayar?
4. Yaya aka haɗa janareto ko sola a gidanku da majami'arku? Ku tambaya in kun je hutu, ku kawo amsa.
5. Ku karanta Maimaitawar Shari'a 22:8. Waɗanne "katangu" ne ya kamata mu gina a makaranta da gida?

Mu riƙa tunawa da ma'aikatan lantarki cikin addu'o'inmu, musamman da damina. Ubangiji ya kiyaye hawansu da saukarsu, ya ba mu zuciyar lura da ran maƙwabcinmu. Amin.